Sunan Da Ɗan'auta Bai Kira Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon ƙwallo a filin da ke bayan tsohuwar masaƙar Sharaɗa ya san ƙanena, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda a da yake riga kowa zuwa yana tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe daga cikin fili. Sunansa na yanka Muhyiddeen, amma in ka ce Muhyiddeen sai a yi ta kallon-kallo. Ɗan'auta kowa ya sani. Ni ce yayarsa, Atika, mai garau-garau a bakin titin da ya raba filin da katangar kamfani. Daga kan bencina ana ganin raga ɗaya gaba ɗaya da rabin ɗayar, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Mahaifinmu gadi yake yi a wani kamfanin alewa a Bompai, a can aka haife mu. Ni a birni na tashi, na yi sakandare, na kuma saba faɗin abin da ke raina. Shi kuwa da aka kai shi yaye wajen kakarmu a wani ƙauye a ƙasar Jahun, sai tsohuwa ta ce ba ta san zancen dawowa ba. Bai dawo Kano ba sai da ya zama ɗan saurayi. Ya dawo mana da abu biyu: ƙafar da ba ta gajiya, da wata irin kunya ta mutanen can wadda har yau ban ga abin da ta tsinana masa ba.

Lokacin da masaƙa take da rai, tana da ƙungiyar ƙwallo ta ma'aikata, Taurarin Masaƙa. An ɗauki Ɗan'auta aikin tura amalanken zare, amma kowa ya san don ƙafarsa aka ɗauke shi. Lamba shida yake bugawa. Abokinsa Ashafa shi ne lamba tara, dogo, mai murya kamar lasifikar masallaci. Shi yake zura ƙwallo a raga, shi 'yan kallo suke ɗauka a kafaɗa su zagaya fili da shi. Wanda ya ƙwato ƙwallon daga ƙafar mutane, ya ɗaga kai, ya ajiye wa Ashafa ita a inda ko ni zan iya ci, yana can baya yana gyara safa. Bai taɓa ƙorafi ba. Ni nake yi masa.

Gwiwarsa ta tashi daga aiki a wani wasa da suka yi da 'yan kamfanin fata na Challawa. Ba a daɗe ba masaƙar ma aka rufe ta, injina suka yi tsatsa, ma'aikata suka watse, wasu acaɓa, wasu gona. Ƙungiyar ce kaɗai ta ƙi mutuwa. Samarin unguwa suka gaje ta da sunanta da komai. Ɗan'auta ya samu aiki a wani kamfanin roba a Challawa, ya roƙi alfarma guda ɗaya: a bar shi a aikin safe. An nemi a ba shi foman ya ƙi, an sake nema ya sake ƙi, saboda foman ɗin na aikin yamma ne, wanda ake shiga da azahar a tashi bayan isha. In ya karɓa, wa zai je fili bayan la'asar? Matarsa Fiddausi ta yi magana, ta yi fushi, ta gaji ta bari.

Shekara da shekaru yana bayan tsohon kocinsu, Malam Salisu, ba muƙami ba komai. Shi ne ɗaukar ƙwallaye, shi ne zuba toka a yi layi, shi ne gane yaron da ya zo tirenin da yunwa ya turo min shi a ɓoye. Abu ɗaya yake so a duniya, bai kuma taɓa ɓoye min ba: ran da Malam Salisu ya ajiye usur, a miƙa masa.

Yanzu bari in kawo maganar yaron, don a kansa komai ya lalace.

Da Fiddausi ta haifi ɗansu na fari, aka sa masa sunan mahaifinmu, muna ce masa Sadiq. Ana yaye shi Ɗan'auta ya ɗauko shi a kan keke ya dire min a tsakar gida.

"Yaya, ga wannan."

Wannan. Kamar wanda ya kawo min buhun gawayi. A ƙauyen da ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in ana hirarsa sai ya kau da kai. To shi Sadiq ya haɗa biyu, ga shi ɗan fari, ga shi da sunan Baba. Ko wannan Sadiq ɗin da aka sa don kowa ya samu abin kira, Ɗan'auta bai taɓa furta shi ba. Sai dai, "Ɗan gidanki ya ci abinci?" ko "Mutumin naki ya ji sauƙi?" Na yi faɗa har bakina ya gaji.

"Ni ce 'yar fari a gidanmu," na ce masa, "kuma Baba daga zaure yake ƙwala min kira har maƙwabta su ji."

"Baba ya daɗe a birni, Yaya."

Iyakar amsar da nake samu ke nan.

Yaro ya tashi da ƙafar ubansa da tsayin dangin uwarsa, ya shiga Taurari, ya zama lamba goma. Kuma ubansa ne ya koya masa komai, sai dai ta wata hanya da ban taɓa ganin irinta ba. Sadiq yana da aboki, Lawan, ɗan baya ne, mai haƙuri da barkwanci. Duk kuskuren da Sadiq ya yi a fili, Lawan ne yake shan faɗan. Sadiq ya riƙe ƙwallo har an ƙwace, sai ka ji Ɗan'auta: "Lawan! In ka karɓa ka ɗaga kai! Me ƙasa ta ajiye maka?" Alhali Lawan yana can kusa da gola, rabonsa da taɓa ƙwallo tun ɗazu. Da farko yana ɓata rai, daga baya ya gane. Sai ya riƙa ɗaga hannu.

"Koci, wannan nawa ne ko saƙo ne?"

Fili ya ɗauki dariya. Ɗan'auta ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi, don haka yake yi duk lokacin da yake son ɓoye fuskarsa. Lawan ya juya ya haɗa hannu a baki: "Sadiq, an ce ka ɗaga kai!"

Yabo ma haka. Ran da Sadiq ya yanke mutum uku ya ci, ana tashi Ɗan'auta ya dafa kafaɗar Lawan ya ce, "Yau ka yi ƙoƙari." Lawan ɗin da ta gefensa aka yi ta shigowa a ranar kamar ƙofar kasuwa. Duk Sharaɗa an san wannan, har 'yan kallo suka sa wa Lawan suna Gidan Waya. Ku riƙe wannan da kyau, domin waɗanda suka yanke wa ƙanena hukunci ma sun sani, da su ake dariyar.

Bayan korona Malam Salisu ya samu shanyewar ɓarin jiki, Allah ya ba shi lafiya. Sai maganar sabon koci ta tashi. Ni a ganina babu abin tattaunawa. Amma Ashafa, wanda tun da aka rufe masaƙa ya koma Dakata ya zama shugaban masu lodin tirela, wanda ba a ganinsa a fili sai ranar babban wasa, ya ce shi ma yana so. Kuma yana da mutane, don har yau in aka zauna hirar da, ƙwallayensa ake lissafawa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗahiru, mai tireloli, shi yake sayen jesi da ƙwallaye. Bai taɓa bugawa ba, amma wasan Turai ba ya wuce shi a talabijin. Shi ya kawo shawara a kwamiti. Ya ce iya bugawa daban, iya koyarwa daban, don haka ba za a duba tarihin kowa ba. A raba 'yan wasa gida biyu, kowa ya zaɓi nasa ɗaya bayan ɗaya, a ba su wata guda su horar, sannan a kara. Kwamiti zai duba zaɓe, ya duba tsari, ya duba sakamako. Wanda ya fi, shi ne koci.

Ba zan ce shawarar banza ce ba. Da a kan waɗansu mutanen ne, da ta yi daidai.

Ranar zaɓe aka jera 'yan wasa a tsakiyar fili. Na rufe kuloli na tsallako titi na tsaya a bakin layi, ko a jikina da kallon da maza suke min. Sakataren ƙungiya, Malam Habibu, ya nemi kwabon da za a jefa, babu mai shi a aljihu, sai aka jefa murfin kwalbar lemo. Ya faɗo wa Ɗan'auta. Shi zai fara.

Ko mai tallan gyaɗa a filin nan ta san wanda za a fara ɗauka. Sadiq shi ne rabin ƙungiyar. Sauran duk sun juya suna kallonsa, shi ma har ya fara ɗaga ƙafa. Na dubi ƙanena. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Wani zai ce ai da ya nuna da hannu. Ba sunan ne kaɗai ba. A ce uba ya tsallake 'ya'yan mutane ya fara nuna nasa a bainar jama'a, wannan a wurinsa gara ya fito ba riga. Ya kalli Malam Habibu, ya kalli Alhaji, kallon mai neman ceto. Na san abin da yake jira. A ƙauye in irin wannan ta taso, wani dattijo ne yake shiga tsakani ya ce, "Kai, wuce wajen ubanka," shi kuma uban ya yi kamar dole aka yi masa. Jira yake wani ya yi masa wannan karar.

Na ɗaga murya daga inda nake. "Ku ba shi ɗansa mana, a wuce wajen!"

"Hajiya, wannan ba hurumin 'yan kallo ba ne," in ji Alhaji. Ya dubi agogo. "Ɗan'auta, muna jinka."

"Lawan," ya ce.

Lawan ya tsaya ƙiƙam. Can ya ɗaga hannu a hankali. "Koci, nawa ne ko saƙo ne?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Babu saƙo a nan," in ji Malam Habibu. "Wanda aka kira shi aka kira. Lawan, wuce."

In faɗi gaskiya, Ashafa ya ba shi dama. Ya matso kusa ya rage murya, abin da ban san ya iya ba. "Auta, ka tabbata? In baki ne ya kuɓuce ka gyara, ni ban ji komai ba."

"Na zaɓa."

A ransa yana ganin Ashafa ma zai yi kara, ya tsallake yaron, a yi ta tsallake shi har ya rage, a ce babu yadda za a yi sai ya faɗo ɓangarensa. Ya manta Ashafa mutumin lodi ne, in ya ga kaya a ƙasa ɗauka yake. Ashafa ya ɗaga kafaɗa ya saki murya: "Sadiq! Zo nan, ɗana!"

Ɗana. A gaban uban da ya haife shi.

Da magariba Sadiq ya shigo gida, na ajiye masa abinci ya ture.

"Gwaggo, kin dai gani."

"Na gani. Ka san halin ubanka."

"Na sani. Amma yau ba tirenin ba ne. Yau tambayarsa aka yi wa ya fi, a gaban kowa, ya ce Lawan."

"Kunya ce, ba ƙi ba ne. Duk Kano babu wanda yake so kamar kai."

"Ke kike faɗa, Gwaggo. Shi bai taɓa faɗa ba."

Ya ɗauki cokali yana wasa da shi. Can ya ce, "In na ci su, ya rasa abin da ya daɗe yana jira. In na ƙi ci, kowa zai gane." Amsar ta zo washegari ta inda aka saba. Lawan ya tsaya a ƙofar gida yana sosa ƙeya ya ce, "An ce in gaya wa wani, duk wanda ya sassauta ƙafa ranar wasa saboda wani dalili, ba a yafe ba." Sadiq ya ce, "Ka ce an ji."

Wata guda ina kallonsu daga benci, kowa da rabin filinsa. Ɓangaren Ashafa gudu ne da tsalle da ihu, sai kuma darasi guda ɗaya da yake maimaitawa har ni na haddace: "Ku ba Sadiq!" Ɓangaren Ɗan'auta ba hayaniya. Ya ɗauki wani siririn yaro da kowa ya raina a gaba ya mayar da shi baya, sai ga shi ya zama katanga. Yana tara su a 'yar ƙaramar da'ira su yi ta ba juna ƙwallo, taɓa biyu ka saki. Kafin wata ya raba, waɗanda aka ɗauka a ƙarshen layi sun fara kama da ƙungiya. Malam Habibu da kansa ya zo cin garau-garau ya ce min, "Hajiya, ƙanin nan naki fa ya iya."

Sai dai akwai rami a tsakiyar aikin. Lawan ne ya gaya min. Kyaftin ɗinsu ya tambaya, "Koci, wa zai riƙe lamba gomansu?" Ɗan'auta ya kalli sama ya ce, "Mu koma kan bugun kwana." An sake tambaya bayan kwana biyu, ya aiki mai tambayar ɗebo ruwa. Babu wanda ya san lagon Sadiq kamarsa, shi ya gina shi. Amma kafin ya koya musu yadda za su tsayar da shi, sai ya zauna a gaban 'ya'yan mutane ya yi zancen ɗansa, ya faɗi inda ya iya, ya tona inda bai iya ba. Wata guda cur bai ambaci yaron ba, kamar babu shi a duniya.

Na tare shi a hanya yana tura keke.

"Auta, ka gaya musu yadda za su yi da shi. In ba za ka iya ba, gaya min ni in gaya musu."

"Yaya, ƙwallo ta mutum goma sha ɗaya ce."

"Ɗaya daga cikinsu ne zai binne ka."

Ya yi 'yar dariya. Dabararsa ita ce yaransa su riƙe ƙwallo su hana ta isa wajen wanda ba a ambata. Ya yarda zai iya cin wasan ba tare da ya buɗe baki ba.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi wasan. Mutane har kan katangar masaƙa, direbobi sun hau kan tireloli. Kuma wallahi kafin hutun rabin lokaci dabarar ta ci. 'Yan Ashafa suna ta bin ƙwallo kamar kaji suna bin mai tsaba, Sadiq yana tsaye a tsakiya ba abin da ya iso shi. Aka tafi hutu Ɗan'auta yana da biyu, Ashafa babu. Na hango Alhaji yana gyaɗa kai.

Da aka dawo sai gajiya ta shigo. Da yawa a cikin yaran Ɗan'auta aikin dare suka kwana yi a kamfani, ƙafa ta fara nauyi, ƙwallo ta fara kuɓucewa. Ta isa wajen Sadiq, kuma babu kowa a kansa. Ya ci ɗaya. Ya ba wani ya ci ta biyu. Lawan ya rugo bakin layi yana haki.

"Koci, a sa mutum a kansa! Faɗi wanda zai je kawai, ba sai ka ce kan wa ba!"

Ɗan'auta ya riƙe haɓa. Har alƙalin wasa ya busa a ci gaba bai ce komai ba, Lawan ya koma yana buga cinya.

Dab da tashi ƙwallo ta sake zuwa wa Sadiq, nesa da raga. Ya tare ta, ya ɗaga kai, ya ga gola ya fito, ya ɗaga masa ita ta sama. Ta sauka a raga kamar da hannu aka ajiye ta. Fili ya kece. Ashafa ya shiga da gudu zai ɗauke shi, yaron ya zame, ya tsaya yana kallon bakin layi. Ubansa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Ni na san abin da yake ɓoyewa, don na hango gefen bakinsa. Murmushi yake. Rashin sa'a, Alhaji ma ya hango.

A gindin darbejiyar bakin fili kwamiti ya zauna, ba su ma daɗe ba. Alhaji ya miƙe ya yi bayani.

"Mutum ya samu zaɓin farko ya bar gwani. Ya yi wata guda bai tanadar masa mai tsaro ba. An ci shi yana murmushi. Ko dai bai san ƙwallo ba, ko kuma ya sani ya buɗe wa ɗansa hanya. Ko wanne ne a ciki, wannan ba koci ba ne."

Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Alhaji, ku ji tsoron Allah. Ku da bakinku kuke kiran Lawan Gidan Waya. Kun san dalilin komai."

"Mun sani, Hajiya Atika. To in mun ba shi, muka je gasa, ta gidan waya za a riƙa ba da umarni?"

"Wanda ya ci ƙwallayen nan wa ya koya masa? Ashafa? Wa ya mayar da waɗancan ragowar mutane suka ci biyu?"

"Ba a sa wannan a cikin abin da za a duba ba."

"Da ɗayanku ya buɗe baki ranar zaɓe ya ce yaro ya wuce wajen ubansa, da me zai ragu a jikinku? Kun girme shi, kun san abin da yake jira."

"Ranar mu alƙalai ne, ba dangi ba."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganarsa ba duka ce ƙarya ba. Amma sun san mutumin nan tun yana tura amalanke. Sun ga aikinsa na shekaru da idonsu, suka ajiye shi gefe, suka shirya jarrabawar da tambayarta ta farko ita ce abu ɗaya tak da suka san ba zai iya ba.

Ɗan'auta bai yi musu ba. Ya je ya miƙa wa Ashafa hannu, ya miƙa masa buhun ƙwallaye da famfo. Ashafa ya riƙe hannun ya ƙi saki. "Auta, ka zauna mu yi tare. Ka san ni ihu na iya." Ɗan'auta ya ce zai yi tunani. Washegari da safe ya shiga ofishin manaja a Challawa ya ce in har yanzu ana neman foman na yamma, ga shi. Fiddausi har sadaka ta yi.

Na same shi a gida na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce ya zubar da rabin rayuwarsa saboda kalma ɗaya, na ce kakarmu da ta koya masa wannan ta daɗe a ƙasa, ba ta san ma mene ne koci ba. Yana zaune yana murza gwiwa har na gama. Sai ya ɗago, fuskarsa a washe.

"Yaya, kin ga yadda mutumin naki ya ɗaga kai kafin ya buga?"

"Tashi ka je ka gaya masa."

"Ai ya sani."

Bai sani ba. Ni na raine shi, na san bai sani ba.

Ashafa ya yi kakar wasa ɗaya da 'yan watanni. Ba zan yi masa sharri ba, bai kashe ƙungiyar ba, sun ci wasu an ci su wasu. Amma lodi ba ya jira, yau ya zo a makare, gobe ya aiko a ce a yi gudu kafin ya iso. Ƙusoshi suka dawo fili. Babu wanda ya sake turo min yaro mai yunwa, kuma ban yarda yunwar ce ta ƙare ba. Daga ƙarshe Ashafa ya ce a nemi wani. Sadiq kuwa tun kafin nan ya samu wata ƙungiya a Katsina ya tafi. Ni ya yi wa sallama. Ya je gaida ubansa, aka ce yana wajen aiki.

Malam Habibu ya zo bencina, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce kwamiti ya sake tunani, ko zan yi wa ƙanena magana. Na so in kore shi da ludayi, amma na san abin da Auta yake so, na kai saƙon. Ranar na ga ya aske gemu ya sa sabuwar riga ya tafi wajen manaja neman a mayar da shi aikin safe. Aka ce gurbin an ba wani tuntuni, kuma kamfani rage ma'aikata yake, duk wanda ya motsa daga inda yake ya motsa ke nan. Mutum mai gwiwa ɗaya da 'ya'ya mata a gabansa, ina zai je? Ya dawo ya zauna a gabana.

"Ki ce su ba Lawan," ya ce. "Duk abin da na sani shi na gaya wa."

Lawan ne yake riƙe da su yanzu, yana bugawa yana koyarwa. Usur ɗin Malam Salisu yana wuyansa. Ɗan'auta bai taɓa rataya shi ba ko sau ɗaya.

Lahadi ce kaɗai ranar hutunsa. In akwai wasa sai ya zo ya zauna a ƙarshen bencina, inda ake ganin raga ɗaya da rabi. Lawan ya sha tsallakowa ya roƙe shi ya zo bakin layi, ya ce a'a, koci biyu ba sa tsayuwa a layi ɗaya. In Sadiq ya bugo min waya sai in buɗe muryar in ajiye a kan kula, shi kuma ya yi kamar fili yake kallo. Na sha tura masa wayar, ya sha turo min ita.

Lahadin da ta wuce yaron ya kira yana cewa an ajiye shi a benci wasa biyu, kocinsu ya ce yana riƙe ƙwallo da yawa. Muka yi sallama, na kashe. Ɗan'auta yana kallon fili, wasa ya yi zafi, ina zuba wa wani direba wake. Sai na ji ya ce, a hankali, ba tare da ya juyo ba:

"Yaya, in kin karɓa ki riƙa ɗaga kai."

Na tsaya da ludayi a hannu. "Nawa ne ko saƙo ne?"

Ya sunkuya zai gyara igiyar takalmi. Silifas ne a ƙafarsa.